Gwaggo, Motar da Kowa Ya Ce Ba Tasa Ba Ce

Tun da na dawo daga Najeriya ban sha shayi cikin natsuwa a fadarmu ta hira, a unguwar Zariya ta Maraɗi, ba. Da na zauna sai wani ya ce in sake ba da labarin motar, kuma duk wanda ya ji sai ya je ya ƙara nasa. Har na ji ana cewa wai an tsare ni a iyaka, wai kuma na baro budurwa a Kano. Babu ko ɗaya da ya faru. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba, kuma wuraren suna da ɗan yawa.

A gidan kakana Baba Nomau, a Tibiri, akwai wata rumfar kwano a bayan rumbu. A ƙarƙashinta motar take tun kafin a haife ni. Baƙa ce, gajera, mai dogon hanci, fitilunta biyu a waje kamar idanun kwaɗo. Ƙafafunta sirara ne masu wayoyi irin na keke, bolan ɗinta, wato abin tuƙi, kuma a hannun dama yake. Makulli kaɗai ba ya tayar da ita, sai an zura wani lanƙwasasshen ƙarfe, manibel, ta hancinta an juya. In za ta karya kwana, wani ɗan hannu ne ke fitowa daga jikinta yana nuni, kamar tsohuwa tana kwatanta wa baƙo hanya. Mariƙin ƙofar direba ba na ƙarfe ba ne, ƙahon rago ne da aka ɗaure da kusa. Mu jikoki Gwaggo muke ce mata. An ce ƙirar Ingila ce ta kafin yaƙin duniya na biyu. Tambarin hancinta ya daɗe da ɓacewa, don haka ba zan rantse a kan sunanta ba.

Baba tsohon direban motocin gyaɗa ne. Kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya goge ta, ya tayar da ita, ya bar ta ta yi tari har ta washe murya, sannan ya kashe. Bai taɓa fita da ita ƙofar gida ba. Mu dai mun ɗauka rowa ce.

Abin ya taso ne bayan bikin wata ƙanwarmu. An ɗauki hoton amarya a jikin Gwaggo, hoton ya yi yawo a wayoyi, sai ga wani mutum daga Yamai cikin babbar mota. Ya zagaya Gwaggo, ya shafa katakon gabanta, ya sunkuya ya shinshina fatar kujera. Ya ce a ƙasashen Turai akwai masu tara irin waɗannan, kuma ya faɗi wani farashi da ya sa Kawu Sale, babban ɗan Baba, ya nemi wurin zama. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ba tawa ba ce."

Ranar muka fara jin asalin maganar. Shekarar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, aka baza jita-jita a Katsina cewa za a kwashe duk motocin da bolan ɗinsu ke dama. Wani Alhaji Mamman mai gyaɗa, wanda Baba ke yi wa jigila, ya tsorata, ya tsallako da motar Tibiri ya ce a riƙe masa, in an kwana biyu zai zo. Bai zo ba. Na ce wa Baba, cikin ladabi, ai mu nan tun asali a dama muke tuƙi, to ina hikimar ɓoye ta a wurinmu? Ya ce wa ya tambaye ni.

Bayan baƙon ya tafi, Baba ya kira ni ɗakinsa. Kafaɗarsa ta daina iya juya manibel, kuma bana ya je asibiti fiye da yadda ya saba.

"Na kusa," ya ce. "In na mutu kawunanka za su sa ta cikin gado. Su su ci, ni a tambaye ni. Ba ni so a wanke ni da kayan wani a bayan rumbuna. Ka tahi ka nemo mai ita."

Na tambaye shi me ya sa ni. Ya ce ni ne na yi lisansi, wato digiri, a tarihi, ni ne ba ni da aiki, kuma ni ne matsoracin gidan, ya san ba zan taka ko'ina ba sai na tambaya. Ina jin yabo ne. Ban tabbata ba.

Na yi shiri sosai, wataƙila fiye da kima. Na yi wa katin shaidata kwafi, na yi wa kwafin ma kwafi, na nemo katin rigakafi, na ɗinke kuɗin guzuri a cikin ƙugun wando. Wannan ɗinkin shi ya fara kunyata ni, don a tashar Maraɗi da aka ce in biya kuɗin mota sai da na nemi reza na shiga bayan wata rumfa. Aka cusa mu cikin taksin Ɗan Isa, garin bakin iyaka, mu biyu a kujerar gaba, na ukunmu kuma yana raba kujera da direba. Duk ramin da muka faɗa sai direban ya ba motar haƙuri, mu bai ba mu ba.

A iyaka, namu jandarmomi sun duba kati sun miƙo. A ɗaya ɓangaren wani jami'i mai gashin baki ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Da yake na ƙudurta ba zan faɗi komai sai gaskiya ba, na ce na zo neman mai mota. Ya ce an sace mini mota ne? Na ce a'a, motar tana nan, mai ita ne babu. Ya dube ni, ya ce in zauna a benci. Na zauna ina tuna duk zunubaina. Da na nuna masa hoton a waya sai ya kira abokan aikinsa, suka taru suna miƙa wa juna. Ɗaya ya tambaya ko tana da takardar duwan, wadda su suke kira kwastan. Na ce ban sani ba. Mai gashin bakin ya ce in kwantar da hankalina, wanda ya kamata ya karɓi kuɗin fiton wannan motar jikokinsa ma sun yi ritaya. Ya buga mini tambari, ya ce in na samu mai motar in biyo in gaya masa.

Daga nan na canza sefa zuwa naira. Abin da na ɓoye a ƙugun wando ya zama ƙunshin da aljihu biyu ba su ɗauka ba. Na shiga motar Jibiya zuwa Katsina ina jin kaina attajiri, har aka faɗa mini kuɗin ruwan leda.

Shiga Katsina ga ɗan Maraɗi kamar shiga gidan kawu ne. Maganar ɗaya, gaisuwar ɗaya, sai dai abin da muka aro daga Faransi su sun aro daga Ingilishi. Na ce isansi, suka ce fetur. Na ce bolan, suka ce sitiyari. Na tafi kasuwar hatsi na tambayi tsofaffi, kowa ya tura ni wurin wanda ya girme shi, har aka kai ni shagon atamfa na Alhaji Kabiru, ɗan marigayi Alhaji Mamman.

Na yi masa ta'aziyyar da ta makara da shekaru, na ba shi hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya ce su sun ɗauka ta ruɓe tuntuni. Na gyara zama, na fara jawabin da na haddace a hanya, cewa kakana yana mayar musu da amanarsu. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Tsaya, ɗan'uwa. Ba tamu ba ce."

Ya ce mahaifinsu ya sha gaya musu cewa ajiya ce a hannunsa. Wani makaniki Bayarabe a Sabon Garin Kano ne ya ba shi riƙo, lokacin da gari ya rikice zai tafi da iyalinsa kudu. Ko da aka zo rabon gado, malamin da ya raba sai da ya cire ta daga lissafi. Na ce ko zai karɓa dai, shi ya ji da mutanen Kano? Ya yi murmushi ya ce shi ma yana da kabarin da zai shiga.

A ɗakin baƙinsa na kwana. An ba ni tuwon shinkafa da miyar taushe, kuma ba ni da abin cewa a kansu sai alheri. Karin kumallo ne ya ba ni mamaki. Mu mun saba da dogon burodi mai ɓawo, wanda in ka gutsa ake ji daga waje. Nasu mai kusurwa huɗu ne, laushi kamar katifa, yana manne wa mutum a ganɗa. Shayin kuma ba a ƙaramin kofin gilashi ba, a wani kofi ne da za a iya yin alwala da shi, madara har ta fi ganye yawa. Na shanye don kada a ce ɗan Nijar ya raina.

Da zan tafi, Alhaji Kabiru ya ce mutumin da ya riƙe amana haka ba a barin jikansa ya koma hannu wofi. Ya ba ni turmin atamfa in kai wa kakata. Ya ba ni wani ƙunshi in sauke wa abokin cinikinsa a Kano, tunda can na nufa. Sannan ya sa aka kamo wani jan zakara aka ɗaure ƙafafunsa, ya ce na Baba ne. Na ce ai Kano zan fara zuwa. Ya ce zakaran ma bai taɓa zuwa ba. Haka na fito: an aike ni in sauke amana ɗaya, na bar Katsina da sallahu cike da hannu.

Kano ba zan iya kwatanta ta ba, don yawancin lokacin idona a rufe yake. A Maraɗi muna kukan ƴan kabu-kabu masu babur, to wallahi mu ba su haƙuri. Can ƴan adaidaita ne, masu ƙafa uku, suna shiga tsakanin manyan motoci ta inda ni ko da ƙafa ba zan bi ba. Na riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, zakara da ɗaya, ƙunshin a cinya. Na sauke ƙunshin a kasuwar atamfa, na nemi a ba ni shaidar karɓa, mutumin ya yi dariya ya ba ni goro.

A Sabon Gari na bi garaji garaji ina nuna hoto, har wani ya ce in nemi Baba Rasaki, shi ne ya gaji garajin ubansa, makanikin nan Bayarabe. Na same shi a kan benci, tsoho mai farin gemu, Hausarsa ta fi tawa gudu. Da ya ji na ce daga Tibirin Gobir nake sai ya miƙe ya sanar wa duk garajin cewa yau bawansa ya kawo masa gaisuwa, har da zakara. Na san akwai wasa tsakanin Gobirawa da Yarbawa, amma a littafi na sani, ban taɓa shiga hannu ba. Na ƙanƙame zakaran na ce na wani ne. Ya ce haka Gobirawa suke, rowa har a gaban ubangidansu.

Da ya ga hoton sai wasan ya tsaya. Ya sa tabarau, ya kai wayar kusa da hancinsa. Ya ce a cikin wannan motar ya koyi riƙe sifana. Daga nan ya yi ta magana, ni kuma ina saurare. Ya ce motocin yanzu in sun lalace sai an jona musu na'ura ta faɗi ciwonsu, ita kuwa da kunne ake jin nata. Jikinta katako ne aka lulluɓe da ƙarfe, kafinta da maƙeri za su iya raba gyaranta. Gilashin gabanta ana tura shi ya buɗe, iska ta shigo. Ba ta gudu, in ji shi, don haka duk wanda ka wuce sai kun gaisa. Ya ce abin da Turawa ke biya da tsada kenan yanzu, motar da mutum zai buɗe ya gane duk abin da ke cikinta. Ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake riƙe manibel: kada babban yatsa ya zagaye ƙarfen, a ajiye shi gefe ɗaya da sauran, don in injin ya yi tutsu ya dawo da baya, yatsan ne zai tafi.

Na ga ya yi laushi, sai na fara jawabina. Shi ma bai bari na gama ba. Ya ce ba tasu ba ce.

Ga yadda ya ba ni tarihin, kuma ya ce yaro ne shi a lokacin, in ɗauka da haka. Wani Baturen kamfanin sayen gyaɗa ne ya shigo da ita ta jirgin ruwa, aka hawo da ita Kano a jirgin ƙasa. Da zai tafi ya sayar wa wata Baturiya ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan. Ita ce ta yi ta yawo da ita ƙauyuka, da direbanta, wani Musa. Da za ta koma gida sai ta kawo motar garajin uban Rasaki a gyara, ta ce ta ba Musa kyauta, in an gama ya zo ya ɗauka. Kafin a gama aka aiko wa Musa mahaifinsa ba lafiya, ya kwashi iyalinsa ya tafi ƙasar Faransi, wato wajenmu, bai dawo ba. Baba Rasaki ya sa yatsa a kan hoton, daidai ƙahon ragon nan. Ya ce Musa ne ya sa shi, da mariƙin ya karye a hanya.

Na tambayi garin Musa, ina fatan kada ya ce Agadas. Ya ce wani gari ne mai lambuna kusa da Maraɗi, matar Musa takan kawo wa mahaifiyarsa busasshen zogale daga can. Suna da ƴa, Hannatu, wadda ta sha zane shi a bayan garaji. Na ce ko Jiratawa? Ya tafa hannu ya ce nan ne.

Jiratawa. Inda nake zuwa sayen albasa a kan kabu-kabu in dawo kafin shayi ya huce.

Ya hana ni tafiya ranar. Ya kai ni gidansa aka ba ni amala, wani baƙin tuwon garin doya da na yi ta kallo ina neman hanyar ƙi cikin ladabi. Da na ɗanɗana miyar sai na ji ashe lalo ce, irin wadda kakata ke yi, sai dai tasu ta ji barkono har kunnena ya yi ƙara. Ya sama mini ɗaki a wani masauki kusa da garajin. Mai masaukin ya ce ba a shiga da dabba, Baba Rasaki ya ce ai ba dabba ba ne, ɗan'uwan Bagobirin ne. Na tokare ƙofa da kujera, na sa zakara a ƙarƙashin gado. Da asuba ya yi cara, duk masaukin ya tashi, na fita ina ba mutane haƙuri ɗaki ɗaki. Kafin in kama hanya Baba Rasaki ya ƙara mini kaya: tsofaffin buji, wato filogin inji, da ya ce za su yi wa Gwaggo daidai, da kwalbar manja in kai wa Hannatu, in ce mata yanzu ya girma, ta zo su sake gwadawa.

A iyaka na yi ta fargabar za a nemi takardar lafiyar zakara. Ba wanda ya kalle shi. Mai gashin baki ne ya gane ni, ya tambaya ko an samu mai motar. Na ce ina jin an samu, a bayan gidanmu take. Ya ce shi ya sa bai yarda da ƴan boko ba.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa, ta cikin lambunan albasa da zogale, injunan ban ruwa suna ta ƙugi. Na tambayi gidan ƴar Musa direba, aka nuna mini kusa da wata ƙaramar majami'a, don su Kirista ne. Na sami Mama Hannatu a tsakar gida tana tsinke ganyen zogale cikin kwando. Na ba ta manja da saƙon Baba Rasaki. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce yana nan da bakinsa kenan. Sannan na fito da waya, na fara bayani tun daga Baturen gyaɗa. Ko hoton ba ta karɓa ba.

"Wadda ke gidan Nomau direba? Ai na sani."

Na ce tun yaushe? Ta ce tun tana budurwa. Mahaifinta yakan je sujada Tibiri ran Lahadi. Wata rana ya bi ta ƙofar gidan Baba ya hango ƙahon ragonsa ta zaure. Daga ranar, duk Lahadi in an tashi sai ya tsaya a gidan ya nemi ruwan sha, ya zauna ya kalle ta, ya dawo. Har ya rasu haka yake yi. Na ce to me ya hana shi magana?

"Ya ɗauka saye Nomau ya yi," ta ce. "In ya ce tasa ce, kamar ya ce wa mutum ya sayi kayan sata. Kuma mutum yana goge maka abu kowane mako, ya yi mashi rumfa, ka je ka ce ba ni? Da wane ido?"

Na kai wa Baba labarin. Sai ya ce, tsohon nan mai neman ruwa? Wanda kullum sai ya ce masa motar tana shan iska da yawa, a rage mata? Ya ce ya sha jin haushin mutumin, yana cewa a ransa ina ruwan manomin zogale da inji. Shi kuma bai taɓa gaya wa kowa ajiya ce ba, don bai so a ce yana tallar amanarsa. Ya juya fuska bango, ya ce in fita in ba zakaran hatsi.

Ranar Juma'a da la'asar aka yi miƙawar. Baba ya ce sai da shaidu, ya kira limamin unguwa, Mama Hannatu kuma ta zo da fastonsu. Aka shimfiɗa tabarma a gaban rumfar. Baba ya tashi da sandarsa ya ce wannan motar ta Musa ce, yanzu ta ƴarsa ce, ya mayar, ya nemi a yafe masa jinkiri. Mama Hannatu ta ɗora hannu a kan ƙahon ragon ta ce ta karɓa, kuma babu abin yafewa. Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Ya zauna ya nemi a ba shi fura, abin da ya kwana biyu yana ƙi.

Mama Hannatu ta ce abu ɗaya take so, a zagaya da ita, don rabonta da shiga tun tana zama a cinyar uwarta. Na sa sababbin tsofaffin bujin nan yadda Baba ke nuna mini da sanda. Na riƙe manibel, babban yatsa a gefe, na karanta duk addu'ar da na iya. Na juya, shiru. Na sake, ta yi atishawa. Ban san sau nawa ba, sai dai rigata ta jiƙe kafin Gwaggo ta kama. Baba ne ya tuƙa, da kafaɗar tasa, Mama Hannatu a gefensa, liman da fasto a baya gwiwoyinsu a haɓa. Karon farko kenan da na ga ta fita ƙofar gida. Ɗan hannun nan ya fito ya nuna dama, Baba ya karya hagu. Suka bi layi suna gaisawa da kowa, har wurin mai ƙosai, inda ta yi tari ta mutu. Ƴan kabu-kabu ne suka ajiye baburansu suka turo ta gida, ba su karɓi komai ba sai hoto.

Da aka dawo na ga Kawu Sale ya matsa kusa da Mama Hannatu yana yi mata raɗa game da mutumin Yamai. Ta ce ubanta ya yi shekaru yana tafiya a ƙasa don ya kalle ta kawai, ba za ta sa a kai ta inda sai an hau jirgi ba. Amma kuma, in ji ta, ba ta da rumfa, gidanta gara ta yi yawa, ga awaki. Baba ya yi wuf ya ce shi dai ya sauke, kada a dube shi. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na lura kawunaina duk sun gyara tsayuwa. Ni ina can baya ina duba ko yatsana ya kumbura.

"Wancan," ta ce. "Wanda ya kai zakara Kano ya dawo da shi da rai. Ɗana, ka riƙe mini. In an kwana biyu zan zo."

Baba ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Na buɗe baki in ce ban cancanta ba, in ce ba ni da aiki, in ce ina tsoron gara da tsatsa da ɓarayi. Liman ya riga ya ɗaga hannu ya fara fatiha, fasto ya ce amin.

Yanzu kowace Juma'a ina Tibiri. In na dawo daga masallaci sai in goge ta, in tayar da ita, in bar ta ta yi tari. Baba yana zaune a inuwa da furarsa, yana cewa tana shan iska da yawa, in rage mata. Yana barci lafiya, an ce har minshari yake. Ni ne nake farkawa in ji kamar ana taɓa kwanon rumfa, alhali ina Maraɗi.

Don haka ƴan fada, ku daina tambayata ko zan ba ku aronta ranar biki. Kuma duk wanda wannan rubutu ya kai gare shi, ko bayan ba ni, ya shaida: baƙar motar da ke bayan rumbu a gidan Baba Nomau ta Mama Hannatu ce, ƴar Musa direba, a Jiratawa, kusa da majami'a. A nan kam na tabbata. Ba tawa ba ce.